Maganin sukari ya daina ci, likita ya ce sai allura: amsa ga wata Hajiya daga Damagaram

Wata Hajiya mai shekara 52, ƴar kasuwa a nan Damagaram, ta aiko da wannan tambaya: "Likita, shekara bakwai ke nan da aka ce ina da ciwon sukari. Da fari metformin kaɗai nake sha, sukarin ya sauka. Bayan shekara uku aka ƙara mini glibenklamid. Yanzu ina shan duka biyun ba fashi, amma awon safe ba ya sauka ƙasa da giram 2,40. Na rame, fitsari ya hana ni barci. Likitana ya ce wasu ƙwayoyi da ake kira beta sun gaji a cikina, sai in koma allurar insulin. Ni kuwa tsoro nake ji, don yayata ba ta daɗe da fara allurar ba ta rasu. Mene ne waɗannan ƙwayoyi, kuma akwai abin da zai farfaɗo da su ba tare da allura ba?"

Hajiya, Allah ya jiƙan yayarki, ya sa ta huta, ke kuma Allah ya ba ki lafiya. Tun da fari bari in faɗa miki inda na tsaya: bisa abin da kika rubuta, likitanki ya yi gaskiya, kuma ina roƙon ki kada ki ja lokaci. Rama da yawan fitsari a jikin mai shan magani biyu ba fashi alama ce ta cewa insulin ɗin da jikinki ke yi ya yi kaɗan ƙwarai. Amma tunda dalili kika nema, ga shi.

A bayan tumbi, can inda ciki ya jingina da ƙashin baya, akwai wata gaɓa doguwa mai laushi da ake kira pankiriyas. Tsawonta santimita 15 zuwa 20 ne, nauyinta kuwa wajen giram 100 ko ƙasa da haka. Yawancin aikinta zuba ruwan narka abinci ne cikin hanji. To, a warwatse cikinta akwai wasu ƴan dunƙule-dunƙule wajen miliyan ɗaya, waɗanda wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara gani da madubin ƙara girma a Berlin a 1869, ba tare da ya san aikinsu ba. Duk taronsu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gaɓar ba. Fiye da rabin ƙwayoyin halittar da ke cikin kowane dunƙule su ne beta. Da za a tattara na mutum guda a aza a sikeli, wajen giram ɗaya za a samu. Kuma su kaɗai ne ke yin insulin a duk jikin ɗan Adam, babu wata gaɓa da ke karɓar aikin in sun kasa. An fara gane alaƙar pankiriyas da ciwon sukari a 1889, lokacin da Minkowski da von Mering suka cire wa wani kare pankiriyas a Strasbourg, sai ciwon sukari mai tsanani ya kama shi. Sai a 1921 Banting da Best suka iya tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a Janairun 1922, ya tashi daga bakin mutuwa.

Aikin ƙwayoyin nan abin mamaki ne. Duk sukarin da ke yawo cikin jinin mai lafiya kafin ya karya kumallo giram 4 ne zuwa 5, wato cokalin shayi guda. Farantin shinkafa ɗaya ko kwanon fura da aka zuba wa sukari yana shigo da ninkin wannan fiye da sau goma. Duk da haka jinin mai lafiya ba ya cika da sukari, domin ƙwayoyin beta suna ɗanɗana jinin da ke wucewa ta wurinsu dare da rana. Da zarar sukari ya ƙaru sai ya shiga cikin ƙwayar, ta ƙone shi, ƙarfin da ya fito ya rufe wasu ƴan ƙofofi na sinadarin fotasiyam da ke jikin fatarta. Rufewar nan ita ke buɗe wa kalsiyam hanya, shigarsa kuma ta sa ƙwayar ta zubo insulin ɗin da ta tanada. Ki riƙe zancen ƙofofin nan, don a kansu glibenklamid ke aiki. Zubowar kashi biyu ce. Akwai ta gaggawa, cikin minti goma na farko, daga abin da aka riga aka shirya. Sai ta biyu mai tafiya a hankali har abincin ya gama shiga jini. Insulin ɗin hanta yake fara isa, ya hana ta zubo sukarin da ta adana, sannan ya zagaya ya sa tsoka da kitse su janye sukari daga jini. Ko cikin dare, kina barci, ƙwayoyin suna sakin kaɗan-kaɗan don riƙe hanta. Shi ya sa awonki na safe ya tsaya a 2,40, wato giram 2,40 cikin kowace litar jini, alhali ba ki ci komai ba tun bayan isha'i: hantarki ce ke kwana tana zuba sukari, babu isasshen insulin da zai tsawata mata.

Ciwon sukarin da ke kama manya, wanda muke kira nau'i na 2, abu biyu ne ke haɗuwa su kawo shi. Na farko, jiki ya daina jin insulin sosai, sai an ba shi ninki biyu ko uku kafin ya yi abin da kaɗan ke yi a da. Kitsen ciki da na hanta, da zama wuri ɗaya, da shekaru, da juna biyu, su ne ke kawo haka. Na biyu shi ne kasawar ƙwayoyin beta. Mutane sun fi sanin na farko, amma na biyun ne ke yanke hukunci. Kin san mata masu jiki sosai a kasuwar Dole waɗanda sukarinsu lafiya lau yake har tsufa. Jikinsu ma ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai dai ƙwayoyinsu na beta sun iya ninka aiki shekara da shekaru. Wata kuma ba ta kai su jiki ba, ciwon ya kama ta tun tana shekara 40, saboda ƙwayoyin da ta gada ba masu juriya ba ne. Yawancin abubuwan gado da aka gano suna da alaƙa da wannan ciwo, ƙwayoyin beta suka shafa. Ke da yayarki kun fito tsatso ɗaya, don haka ban yi mamaki ba.

Ki ɗauki misalin san da ke jan amalanken ruwa a bazara. Kullum ana ƙara masa jarka, yana ja, har ranar da zai fara durƙusawa a hanya. Mai shi yana da zaɓi uku: ya rage jarkokin, ko ya zuba masa bulala, ko ya samo wani sa ya kama masa don ya huta. Rage kitsen ciki da tafiya da metformin rage kaya ne. Glibenklamid bulala ce. Insulin shi ne san da aka kawo ya kama.

Kasawar ba rana ɗaya take zuwa ba. Abin da ke fara ɓacewa shi ne zubowar gaggawa ta minti goman farko, sai sukari ya riƙa hawa bayan cin abinci alhali awon safe yana nan daidai. Mutum yakan yi shekaru a haka bai sani ba. Wani babban bincike da aka fara a Ingila a 1977 aka fitar da sakamakonsa a 1998, mai suna UKPDS, ya bi mutane fiye da 5,000 tun daga ranar da aka gano musu ciwon. An tarar cewa a ranar ganowar ma, wajen rabin ƙarfin ƙwayoyin beta ya riga ya tafi, kuma yana ci gaba da raguwa da kimanin kashi 4 cikin 100 kowace shekara, ko wane magani ake sha. Bayan shekara uku, magani ɗaya ya daina isar wajen rabinsu. Bayan shekara tara, ya daina isar kashi uku cikin huɗu. Ki dubi labarinki: shekara uku aka ƙara na biyu, shekara bakwai ana zancen allura. Hanyar ciwon ke nan, ba sakacinki ba ne, ba kuma jikinki ne ya saba da maganin ba kamar yadda ake faɗa a gari. A wurinmu ma abin ya fi haka, domin da yawa ba sa zuwa awo sai sun ga ƙiyashi na bin wurin da suka yi fitsari, shi kuwa sukari ba ya fita cikin fitsari sai ya haura wajen giram 1,80 a jini. Alhali ana kiran sa ciwo tun daga 1,26 a awon safe kafin karya kumallo.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a gare ki. Gajiya daban, mutuwa daban. Da aka duba pankiriyas na masu wannan ciwo bayan rasuwarsu, a wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003, an ga ƙwayoyin beta sun ragu da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Ke nan akwai saura, kuma da yawa daga cikin sauran suna raye amma sun suma. Abin da ke sumar da su kuwa sukarin ne da kansa. In ƙwayar beta ta yi watanni tana jiƙe cikin jini mai sukari giram 2 ko 3, ba ta samun sararin cika rumbunta, sai ta riƙa fitar da insulin ɗin da bai gama nuna ba, wasu ma su daina aikin gaba ɗaya, su koma kamar ba beta ba. Kitsen da ya taru cikin hanta da pankiriyas yana ƙara musu wahala. Akwai kuma wani sinadari, amilin, da ke fitowa tare da insulin, wanda in aikin ya yi yawa yakan daskare tsakanin ƙwayoyin ya kashe wasu. Sai abin ya zama zagaye: insulin ya ragu, sukari ya hau, hawansa ya ƙara rage insulin. Kowane wata da kika ƙara a 2,40, wasu daga cikin sumammun suna wucewa zuwa inda ba a dawowa. Wannan ne ke tayar mini da hankali in na ga an ce wa mutum allura ya ce a bari sai bayan salla, ko sai bayan bikin ɗiya.

In an karya zagayen, sumammun kan farfaɗo, kuma an gwada an gani. A ƙasar Sin, a wani bincike da aka wallafa a 2008, an yi wa sababbin kamuwa allurar insulin na mako biyu zuwa uku kawai, aka dakatar. Bayan shekara guda, kusan rabinsu sukarinsu na nan daidai ba tare da wani magani ba. Cikin waɗanda aka ba ƙwayoyin sha kuwa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne suka samu haka. A Birtaniya kuma, binciken DiRECT na Roy Taylor da Mike Lean, wanda ya fito a 2017, ya sa masu ƙiba da ciwonsu bai wuce shekara shida ba suka rage nauyi sosai ƙarƙashin kulawa. Kashi 46 cikin 100 sun ajiye magani bayan shekara guda, cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86. Sai dai ina jan kunnenki: wannan hanyar ba taki ba ce yanzu. Ta mai ƙiba ce da ciwonsa ke sabo. Ke ramewa kike yi ba da sonki ba, jikinki yana cin naman kansa saboda rashin insulin, in kika ƙara masa da yunwa kin ƙara wa wuta mai.

Akwai abu biyu da suka shafe mu nan Afirka ta Yamma da ya kamata a sani. Ana samun baligi ya zo asibiti a galabaice, sukarinsa ya haura giram 4, har da guba a jini, a ɗauka insulin ya zame masa dole har abada, amma bayan ƴan watanni na allura ƙwayoyinsa su dawo, a sauke shi zuwa ƙwayoyin sha. Likitoci a Faris sun bayyana wannan nau'i sosai a jikin ƴan Afirka, kuma yawancin masu shi suna barin allurar na wani lokaci. Na biyu, akwai ramammun matasa da manya waɗanda tamowa ta kama su tun suna ƙanana, pankiriyas ɗinsu bai ginu da kyau ba, suka taso da ƙwayoyin beta kaɗan. A 2025 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da kiran wannan nau'i na 5. A jihar da muka san yawan yaran da ke kwanciya saboda tamowa kowace damina, wannan zance namu ne, kuma shi ya sa ba a auna ciwon sukari da ƙiba kaɗai.

Mu koma ga magungunanki. Metformin, wanda likita Jean Sterne ya fara ba marasa lafiya a Faransa a 1957, hanta yake lallashi ta rage zuba sukari, ba ya matsa wa ƙwayoyin beta, shi ya sa ake barin sa ko an fara allura matuƙar ƙoda na lafiya. Glibenklamid kuwa ƙofofin fotasiyam ɗin nan yake rufewa da ƙarfi, ko akwai abinci ko babu. Yana da arha, yana sauke sukari da sauri a shekarun farko, amma ba ya iya fitar da abin da babu shi a rumbu. A binciken ADOPT na 2006, bayan shekara biyar ya daina isar kashi 34 cikin 100 na masu shan sa, metformin kuwa kashi 21. Kuma shi ne ke yawan faɗar da sukarin tsofaffi in sun sha ba su ci abinci ba. Ni a ganina, ga wanda ya manyanta ko ƙodarsa ta fara rauni, gliklazid ya fi shi aminci. Akwai sababbin magunguna, irin su sitagliptin da semaglutid, da ke taimaka wa ƙwayoyin beta su saki insulin lokacin da sukari ya hau kawai, amma suna da tsada, kuma su ma sai da ƙwayoyi masu sauran ƙarfi. Wasu kuma, irin su dapagliflozin, ta fitsari suke zubar da sukari, suna kare zuciya da ƙoda, sai dai ba a dogara da su ga mai ramewa saboda ƙarancin insulin, don suna iya jawo masa gubar jini.

Game da yayarki, ga abin da muke gani a asibiti. Mutum ya ƙi allura shekara biyar ko goma, sai ƙoda ta lalace, ƙafa ta yi gyambo, zuciya ta raunana, a kawo shi ranga-ranga, a lokacin ne ake fara masa insulin. In ya rasu sai dangi su ce allura ce. Shekarun da sukari ya yi yana cin jijiyoyinsa su ne suka yi ɓarnar. Insulin ɗin da za a ba ki irin wanda jikinki ke yi ne tun kina cikin mahaifiyarki.

Yawanci da allura ɗaya ake farawa, da dare, da ƙaramin awo, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan bisa awon safe har ya zauna tsakanin 0,80 da 1,30. Likitanki ne zai tsara adadin, shi ne kuma zai ce a rage glibenklamid ko a daina. Allurar ƴar siririya ce, gajera, ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ake yin ta, a riƙa sauya wuri. Ki duba lambar 100 mai nuna ƙarfin insulin a jikin kwalba da jikin sirinji, su zama iri ɗaya. Haɗarinta na gaskiya shi ne faɗuwar sukari ƙasa da 0,70: gumi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai zafi, jiri. Ki ƙulle dunƙulen sukari uku a bakin zanenki ko cikin jaka, in kin ji haka ki tsotse su nan take, sannan ki ci abinci. Ki sanar da mutanen gida da maƙwabciyar rumfarki su ma su sani.

Zancen ajiya kuma, kwalbar da ba a buɗe ba firiji take so, ba wajen ƙanƙara ba, don in ta daskare ta lalace. Wadda ake amfani da ita kuwa, in wuta ba ta tsayawa, ki sa ta cikin ƴar roba mai murfi, ki dasa robar cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙaramar tukunyar ƙasa, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa kusa da randa. Wani bincike na Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitocin MSF, da aka wallafa a 2021, ya nuna insulin yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Zafinmu na Afrilu da Mayu yana haura 40, don haka tukunyar nan dole ce. Kada a bar shi cikin mota ko ƙarƙashin rufin kwano da rana.

Ko za ki iya barin allurar wata rana? Yana yiwuwa a rage ta, wasu ma a mayar da su ƙwayoyin sha bayan sukari ya zauna na watanni, amma bayan shekara bakwai ba zan yi miki alkawari ba. Akwai awon jini da ake kira si-peptid, wanda ke nuna yawan insulin da jikinki ke yi da kansa ko kina allura, ba kowane ɗakin awo ke yin sa ba, kuma ya fi faɗar gaskiya bayan sukari ya sauka. Sai awon HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, kowane wata uku, ana neman wajen kashi 7, amma ki gaya wa likita in kina da ƙarancin jini ko jinin sikila, don suna iya karkatar da shi. In na'urar awonki daga Kano aka sayo ta, ki duba irin lissafinta: 126 ko 7,0 a wasu na'urori shi ne 1,26 namu.

Kada ki bar wa allura aikin ita kaɗai. Shayi mai sukari da lemun kwalba su ne suka fi dukan ƙwayoyin beta, kwalba ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kuma kai tsaye yake shiga jini. Gero ba abokin gaba ba ne. A sha fura da nono ba sukari, a rage malmalar tuwo, a yawaita miyar kuka da kuɓewa, wake, kwaɗon zogale, a taka ƙafa na ƴan mintuna bayan cin abinci in rana ta yi sanyi. Saiƙo da jiƙo masu ɗaci, na bedi ne ko na maɗaci, babu wanda aka tabbatar yana tsiro da sababbin ƙwayoyin beta, wasu kuma ƙoda suke taɓawa. Ƙwayoyin ƙiba da mata ke saye wurin masu talla, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da yawansu dekzametazon ne, yana toshe aikin insulin ya tayar da sukari. Ki hana ɗiyanki mata, ki kuma tura ƴaƴanki da suka manyanta awo ko sau ɗaya a shekara, musamman wadda ta taɓa haifar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye.

In kafin ranar ganin likitanki kika fara amai, ko ciwon ciki, ko numfashi mai zurfi da sauri, ko barci mai nauyi da rana, kada a jira wayewar gari, a kai ki Babban Asibitin Damagaram nan take. Maganar azumi kuma ki tayar da ita wurin likita mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama, don a sauya lokacin allura da adadinta. In sukarin bai zauna ba zuwa lokacin, zai ce ki dakata a bana. In ya ba ki izini, ki riƙa awo da rana, kuma duk ranar da ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura giram 3, ki sha ruwa a take ko da saura kaɗan a kira magariba.